Turbar Dawaki Ta Zama Hanyar Kekuna A Bakin Kogin Danub

Duk wanda ya taɓa ɗora ƙafa bisa fedar keke a titin Agege ko na Ikorodu a birnin Ikko, ko kuwa ya gangaro daga Sabo ya nufi Dugbe a Badun, ya san mai keke ba shi da gata a kan kwalta. Babbar mota ta matse shi, danfo ta sha gabansa, in ya ce zai kauce kuma ga kwata ta buɗe baki tana jiransa. Shi ya sa da yawa daga cikin mutanen Arewa da suka tashi da keke, da shi suka je makaranta, da shi suka kai hatsi kasuwa, suna zuwa Kudu sai suka jingine shi, domin kuwa rai ya fi kuɗin mota.

To, akwai wata hanya a ƙasar Ostiriya ta Turai wadda ya kamata mai karatu ya ji labarinta. Ta tashi daga garin Passau da ke kan iyakar Jamus, ta bi gaɓar kogin Danub har birnin Biyana, hedkwatar Ostiriya. Tsawonta kimanin kilomita 320 ne, watau wajen mil 200, kusan nisan Ikko zuwa birnin Benin ke nan. Mafi yawan wannan hanya an hana mota hawanta, in ban da motocin ma'aikatan kogi da na manoma jefi-jefi. Tsofaffi masu shekara saba'in suna binta, haka ma iyaye da 'ya'yansu ƙanana, kowa bisa kekensa, su yi mako guda suna tafe ba wanda ya danna musu ham. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, tun asali dawaki aka share wa wannan turba, shekaru ɗaruruwa kafin a ƙera keke na farko a duniya.

Kogin Da Kansa

Danub shi ne kogi na biyu wajen tsawo a Turai, bayan kogin Bolga na Rasha. Tsawonsa kimanin kilomita 2,850 ne, saboda haka bai kai Kwara ba, wanda ya haura kilomita 4,000. Yana ɓuɓɓugowa daga duwatsun kudu maso yammacin Jamus, ya miƙa gabas, ya ratsa ko ya shafi ƙasashe goma kafin ya zuba a Bahar Aswad. Hedkwatocin ƙasashe huɗu suna bakinsa, watau Biyana, da Bratislava, da Budapest, da Belgrade.

A Passau, inda yawancin mahaya ke fara tafiya, koguna uku ne suka haɗu wuri guda. Ga Danub ɗin kansa, ga Inn wanda ya gangaro daga duwatsu masu ƙanƙara da ruwansa kore-kore, ga kuma ƙaramin cikinsu Ilz mai ruwa baƙi-baƙi. Wanda ya taɓa tsayawa a Lakwaja ya ga yadda Kwara da Binuwai suke tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya, ya riga ya ga irin abin da ake zuwa kallo a Passau. Da cinikin gishiri garin ya yi arziki a zamanin da, gishirin da ake saukowa da shi ta kogin Inn.

Zamanin Igiya Da Dawaki

Kafin zuwan inji, gangara da jirgi a Danub ba wuya, ruwa ne ke yin aikin. A garin Ulm na Jamus har akwai jiragen katako da ake sassaƙawa domin tafiya ɗaya tak. In sun isa Biyana ko ƙasar Hangari aka sauke kaya, sai a wargaza su a sayar da katakon, matuƙa su komo gida da ƙafa. Wahalar tana ga hawa. Alkama da sauran amfanin gona da ake buƙata a yamma tilas a kai su gaba da ruwa, kuma ba abin da zai ja jirgi sai ƙarfin dabba ko na mutum.

Ga yadda ake yi. Akan jera manyan jirage uku ko huɗu a ɗaure su da juna, a ɗaura wata doguwar igiya mai kauri a na gaba, a miƙa ta gaɓa a ɗaura wa dawaki da aka jera bibbiyu. Babban ayari yakan ci dawaki har sittin. Mahaya suna bisa suna kora, waɗansu mutane suna biye suna ɗaga igiya kada ta sarƙe da dutse ko kututture. In aka zo inda dutse ya tsaya ƙiƙam a bakin ruwa babu wurin taka ƙafa, sai a loda dawakin cikin jiragen fito a ƙetare da su ɗaya gaɓar, a sake ɗaura igiya a ci gaba. Tafiyar da mai gangara zai yi cikin kwanaki kaɗan, mai hawa sai ya share makonni yana yinta. In ruwa ya fi ƙarfin ayari kuwa, igiya takan fizgi doki da mahayinsa ta jefa su cikin kogi.

Wannan aiki shi ya tsara kamannin turbar. Tilas ta zama shimfiɗaɗɗiya, don dokin da ke jan jirgi ba ya hawan tudu. Tilas ta manne wa ruwa. Tilas kuma a sare duk itacen da ke tsakaninta da kogi saboda igiya. Hukuma tana tsare ta, ba a yarda mai gona ya cinye ta ba, kamar dai yadda ake tsare burtali domin shanu. Mutanen Ostiriya suna kiranta Treppelweg, watau turbar takawa. Waɗannan abubuwa uku, ba tudu, ga ruwa kusa, ga fili ba abin da ya tare ido, su ne ainihin abin da mai keke ke nema a yau.

Yadda Aka Yar Da Ita, Aka Kuma Ɗauko Ta

A shekarar 1829 aka kafa kamfanin jiragen ruwa masu tururi na Danub a Biyana. A 1830 jirginsa na farko ya tashi daga Biyana zuwa Pest a ƙasar Hangari, a 1837 kuma wani ya hau ruwa har garin Linz. Sa'an nan jirgin ƙasa ya haɗa Biyana da Linz a 1858, ya kai Passau a 1861. Daga nan sana'ar masu jan jirgi ta soma mutuwa, kafin ƙarnin ya ƙare ta zama labari. Turba ta rage sai ma'aikatan kogi masu duba gaɓa da masunta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai Ostiriya ta juya ga kogin domin samun lantarki. Aka gama madatsar ruwa ta Jochenstein a kan iyakar Jamus a 1956, ta Ybbs-Persenbeug a 1959, aka yi ta ginawa har ta Freudenau a cikin Biyana, wadda aka gama a 1998. Duka-duka madatsu goma ne. Kowace madatsa tana ɗaga ruwan da ke bayanta, saboda haka sai an yi dogayen ganuwoyi na ƙasa a gaɓa biyu, a kuma shimfiɗa 'yar siririyar kwalta a bisansu domin motocin ma'aikata. Ta haka aka wayi gari akwai hanya mai kyau mai tsawon gaske a bakin kogi, ba kowa a kanta.

A farkon shekarun 1980 masu kekuna suka fara gano wannan garaɓasa. Hukumomin jihohi da na garuruwa suka ga abin yana jawo baƙi, sai suka shiga haɗa guntayen hanyar da juna, suna cike giɓi, suna kafa korayen alluna masu hoton keke da sunan gari na gaba da nisansa. Da tsohuwar zuma ake magani. A yau mutane dubu ɗaruruwa ne ke hawa wani sashe na wannan hanya kowace shekara, kuma ana lissafa ta cikin hanyoyin keke da suka fi suna a Turai. Ita kanta yanki ce ta wata babbar hanya da ake kira EuroVelo 6, wadda ta tashi daga bakin Tekun Atlantika a Faransa ta ƙare a Bahar Aswad a Romaniya, tsawon fiye da kilomita 4,000.

Yadda Ake Tafiyar

Yawancin mahaya sukan raba tafiyar kwana shida ko bakwai, suna cin kilomita 40 zuwa 60 a yini. Daga yamma ake nufar gabas, saboda dalili biyu. Na ɗaya, bin ruwa ake yi, ko da yake gangarar ba ta taka kara ta karya ba, don tsakanin Passau da Biyana ƙasa ba ta sauka da mita 150 ba, watau ƙasa da rabin mita a kowace kilomita. Na biyu, iska ta fi kaɗowa daga yamma, sai ta zama tana tura mahayi ta baya. Lokacin tafiya kuwa daga wajen watan Afrilu ne zuwa Oktoba, domin in hunturu ya shigo sanyi ba ya barin kowa.

A wurare da yawa akwai hanya a gaɓa biyu, sai wadda mutum ya zaɓa. In yana son ƙetarewa, ko ya bi ta gada, ko ta kan madatsa, ko kuwa ya shiga ƙananan jiragen fito da ke ɗaukar mutane da kekunansu. Akwai kamfanonin da ke ba da hayar keke, su kama wa mutum masauki a kowane zango, su kuma kai masa akwatinsa da mota ta wata hanya dabam, shi dai ya riƙe gorar ruwa da famfo da kayan faci. Wanda ya gaji sai ya sa kekensa a jirgin ƙasa ko na ruwa. Dokar Ostiriya ta wajabta wa yaron da bai kai shekara 12 ba sa hular kwano in yana kan keke.

Zangon farko yakan kai mahayi Schlögen, inda kogin ya ci karo da dutse mai tauri ya kasa fasa shi, sai ya juya baya ɗungum kamar zai koma inda ya fito, sa'an nan ya sake juyowa. Wurin kurmi ne da tsit, ba ƙarar da ake ji sai ta tsuntsaye da ta sarƙar keke. Daga nan sai Linz, gari na uku wajen girma a Ostiriya, mai manyan masana'antun ƙarfe.

Kimanin kilomita 20 gabas da Linz akwai garin Mauthausen, kuma a nan fara'ar matafiyi takan ɗauke. A kan tudun da ke bayan garin gwamnatin Hitila ta kafa sansanin gwale-gwale daga 1938 zuwa 1945. An tsare mutane kimanin 190,000 a wannan sansani da rassansa, aƙalla 90,000 daga cikinsu suka mutu. Akwai wata matakala mai hawa 186 da ake tilasta wa fursunoni hawa ɗauke da manyan duwatsu daga ramin fasa dutse. Sojojin Amurka ne suka buɗe sansanin ran 5 ga Mayu, 1945. Yanzu wurin tunawa ne, kuma mahaya da dama sukan bar bakin kogi su tura kekunansu su hau tudun su gani da idonsu.

Gaba kaɗan, a wajen garin Grein, kogin ya matse tsakanin duwatsu. A da nan ne matuƙa suka fi tsoro saboda ruwa mai juyawa da ke haɗiye jirage, har sai an ɗauki gwanayen gari su ratsa da jirgi. An farfasa duwatsun, madatsar Ybbs-Persenbeug kuma ta kwantar da ruwan, yau sai ka ce tafki.

Inda aka fi yabo a duk tafiyar shi ne kwarin Wachau, mai tsawon kilomita 36 tsakanin Melk da Krems. A Melk akwai wani ƙaton gidan ibada na malaman Kirista bisa dutse, wanda aka kafa tun 1089. Daga nan hanya ta ratsa gonakin inabi da aka yi wa gandu hawa-hawa a jikin tudu, da lambunan wani ɗan itace mai zaƙi da Larabawa ke kira mishmish. A bisa garin Dürnstein akwai kangon gidan sarauta inda aka tsare Sarkin Ingila Richard, wanda ake wa kirari da mai zuciyar zaki. An kama shi ne a ƙarshen 1192 yana komowa daga yaƙinsa da Salahuddin a Falasɗinu, bai kuwa sami kansa ba sai a 1194 bayan an biya fansa mai yawa ta azurfa. A shekarun 1970 an yi niyyar gina madatsa a cikin wannan kwari, mutanen wurin suka tashi tsaye suka ƙi, har aka janye. Shi ya sa a nan kogin yana gudu yadda Allah ya halicce shi. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa Wachau cikin wuraren tarihi na duniya.

Kafin a kai Tulln, mahayi zai wuce gindin wani gini mai dogon bututu a Zwentendorf. Tashar lantarki ce ta nukiliya da aka gama ginawa sarai, amma ran 5 ga Nuwamba, 1978 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 50 da rabi cikin ɗari suka ce ba su yarda ba, ba a taɓa kunna ta ba har yau. Daga ƙarshe sai Biyana, inda mahayi zai iya shiga gari ta wani tsibiri mai tsawon kilomita 21 da aka gina tsakanin 1972 da 1988 domin kare birnin daga ambaliya. Shi ma ba a shiga da mota.

Ribar Ƙauye

Tambayar da ɗan kasuwa zai yi ita ce, me ƙauyawa suka samu? Amsar tana ga saurin tafiya. Mai mota yakan bi babban titi ya gama Passau zuwa Biyana cikin kamar awa uku, ba ƙauyen da zai ga ko kwabonsa. Mai keke kuwa sai ya kwana shida a hanya. Kowane dare yana buƙatar gado, kowane yini yana buƙatar abinci sau uku, ga ruwan sha, ga kuɗin fito, ga mai faci in taya ta yi. Ba ya iya ɗaukar guzuri mai yawa, saboda haka inda yunwa ta kama shi nan zai ci. Kuɗinsa yana zuba ne kaɗan-kaɗan a ƙauyuka da dama maimakon ya taru a babban otel guda.

Mutanen gaɓa sun gane haka. Manoma sun gyara ɗakuna a gidajensu suna saukar da baƙi. Masaukai da yawa sun yarda da baƙon dare ɗaya, suna da ɗakin kulle kekuna, da wurin shanya tufafin da ruwan sama ya jiƙa, da akwatin sifana. A Wachau masu lambu sukan kafa tebur a bakin hanya lokacin da 'ya'yan itace suka nuna. Jiragen fito da gadoji suka kusa kashewa sun sami sababbin fasinjoji. Garuruwan da a da suke ci daga masu jan jirgi, masu sayar musu da ciyawar dawaki da abinci da wurin kwana, sun koma ci daga wannan turba ɗin dai.

Ba A Rasa Matsala Ba

Wanda ya yi maƙwabtaka da kogi ya san halinsa. A watan Agusta na 2002 Danub ya yi mummunar ambaliya. A watan Yuni na 2013 ruwa ya kai mita 12.89 a Passau, abin da ba a ga irinsa ba cikin shekaru fiye da 500. A Satumba na 2024 ma ruwan sama ya yi ɓarna mai yawa a jihar da ke kewaye da Biyana. Duk lokacin da haka ta faru hanyar kekuna ce ke fara nutsewa, tun da ita ta fi kusa da ruwa. Sai a rufe ta, in ruwa ya janye a kwashe laka, a gyara inda ya zaizaye, masu masauki kuwa su yi asarar cinikin makonni a tsakiyar kakarsu.

Akwai kuma cunkoso. A watannin Yuli da Agusta, musamman a Wachau inda hanya ke kutsawa cikin lungunan ƙauyuka, masu keke da masu tafiya a ƙasa da manoma sukan takura wa juna. Kekuna masu batir, waɗanda injinsu ke taimaka wa mahayi har ya kai gudun kilomita 25 a awa, sun buɗe hanyar ga tsofaffi da marasa ƙarfi, amma sun fi nauyi, sun kuma ƙara gudu a inda ake buƙatar natsuwa. Har ila yau akwai 'yan wurare da tilas a haɗa hanya da motoci, kuma a irin waɗannan wurare ne iyaye suka fi sa wa 'ya'yansu ido.

Abin Lura

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutane kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce abin ya fi yi wa ɓarna. A ƙasar nan ma an taɓa gwada kiran jama'a su koma ga keke. Marigayi Cif Ojo Maduekwe, lokacin yana Ministan Sufuri, ya yi ta wannan kira, har ya hau keke da kansa domin nuna misali. A 2001 wata bas ta ture shi ya faɗa rami a Abuja. In minista bai tsira ba, ina ga mai sayar da goro ko mai gadi da ke komawa gida da asuba?

Abin da labarin Danub ke nunawa shi ne, wa'azi ba ya sa mutum ya hau keke, hanya ce ke sa shi. Mutanen Ostiriya ba su fasa duwatsu ko sun kashe dukiya mai yawa sun yi sabon titi ba. Sun duba abin da ke hannunsu ne, tsohuwar turba da bisan ganuwar ruwa, suka haɗa su, suka kafa alluna, suka tsare su daga mota kamar yadda kakanninsu suka tsare su domin dawaki. Da mutane suka tabbata yaro zai hau ya komo lafiya, ba wanda ya roƙe su, da kansu suka fito da kekunansu, ciniki kuma ya biyo su har ƙofar manomi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, amma sai an bar wa mai tafiya sannu inda zai taka.